Cokalin Pan Lucjan

Ranar da Kornel Wilczak ya ajiye aikinsa a shagon sayar da wayoyi, bai taɓa riƙe buroshin fenti ba in ban da a firamare, nan ma malamar ƙwacewa ta yi. Amma ya kalli bidiyo goma sha ɗaya, biyu daga ciki har ƙarshe, kuma ya gano abin da duk masu fentin 'yan mutum-mutumin wasan yaƙi na birnin Poznan suka kasa ganowa: ɓata lokaci suke yi.

"Kaka, mutanen nan ba su da tsari," in ji shi, yana lafta man shanu a burodi kamar mai yaɓen bango. "Ƙato ya zauna wata guda a kan sojan roba da bai kai babban yatsana ba. Ya shafa, ya jira, ya sake shafawa. Ni da na karanci tsara aiki shekara biyar a jami'a, kwana uku ya ishe ni."

Kaka Halina, wadda a gidanta yake zaune a hawa na huɗu a unguwar Rataje tun da ya gama jami'ar, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ajiye aikin ka yi ko korarka suka yi?"

"Ajiyewa na yi. Har na gaya wa manajan abin da ke damun shagonsa."

"To kora ce. Kornelku," ta ce, sunan shagwaɓar da take kiransa da shi, "fenti ba ya son gaggawa. Shekara talatin da ɗaya na yi a masana'anta ina zana ƙwallayen gilashi na bishiyar Kirsimeti, na san..."

"Wannan ado ne, Kaka. Furanni da taurari. Nawa yaƙi ne."

"To Allah ya ba da nasara," ta ce, ta janye man shanun daga gabansa.

Kafin ya sayi ko buroshi ɗaya, sai da ya buga sitika ɗari biyu masu hotonsa ya rungume hannu, a ƙasa an rubuta: KORNEL, GWANIN GWANAYE. Ya manna a ƙofar ɗakinsa, ya manna a firji, ya manna a butar shayin Kaka. Sannan ya hau taragon cikin gari ya nufi unguwar Jezyce.

A can, a ƙarƙashin wani tsohon bene, shagon Pan Lucjan yake. Pan a bakin mutanen garin kamar Malam ne, Pani kuma kamar Malama. Tsohon direban tarago ne da ya yi ritaya ya koma wa abin da ya fi so. Daga ƙasashe ake aiko masa da rundunoni na 'yan jarumai da aljanu da ƙwarangwal, ya fente ya mayar wa masu su. Tebur huɗu ne a shagon, kowane da fitilarsa. Uku da mutane, ɗaya babu kowa. Wannan kujerar Kornel ya ɗora wa ido, kuma yanzu ita kaɗai ce tsakaninsa da komawa ya durƙusa wa manajan nan.

"Pan Lucjan, na zo in taimake ku."

Tsohon bai ɗago kai ba. "Da me?"

"Da sauri. Abin da kuke yi a wata..."

"Ka taɓa fente wani abu?" Wata budurwa ce ta tambaya daga teburin kusa da matakala. Malwina ke nan, wadda ta ci gasar gari sau uku. Tana lasar bakin buroshi don ya yi tsini, leɓenta na ƙasa da ɗigon kore.

"A kaina na fente da yawa."

"Ai ana gani," ta ce, ta koma kan aikinta.

Pan Lucjan ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwali. Dodo ne mai fukafukai, na roba, gunduwa arba'in da biyu.

"Asabar ɗin bikin Waliyyi Martin akwai gasa a zauren unguwa. Mako uku ke nan. Ka kawo shi a haɗe, a fente. In ya yi, kujerar taka ce. In bai yi ba, mutum shida na jira."

"Mako uku? Pan Lucjan, kana zagina ne?"

"Tukuna dai."

Ya ja aljihun tebur ya ɗauko wani baƙin cokalin roba, irin na abincin leda, ya miƙa masa.

"Wannan fa?"

"Al'adar gidan nan ce. Duk gwangwanin fesawa da za ka taɓa, ka fara fesa wa cokali ka ga abin da ya fito, kafin ka nuna wa aikinka. Ko jiya ka yi amfani da shi. Ko sunanka ne a jiki."

Kornel ya yi dariya har da dafa bango.

"Fenti na zo yi, Pan Lucjan, ba shan miya ba."

"To zan ajiye maka," in ji tsohon, ya soke cokalin a aljihun rigarsa.

A hanya Kornel ya yi sayayya. Ya sayi fenti kala takwas da buroshi mai faɗin yatsa biyu, domin a ra'ayinsa ƙaramin buroshi na marasa zuciya ne. Ya sayi gwangwanin fesawa guda biyu: ɗaya farin fentin shimfiɗa da ake fara fesawa don launi ya kama, ɗaya ruwan kariya marar launi da ake rufe aiki da shi in an gama. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Na fari da farin murfi, na kariya da murfi garai-garai. Yana isa gida ya lulluɓe rubutun jikinsu da sitikarsa, gaba da baya, don duk wanda ya ga kayan aikin ya san na wane ne.

Rana ta farko, haɗi. Takardar da ke nuna yadda ake haɗa dodon ita ya fara jefawa a shara, don an yi ta ne saboda masu ƙaramin tunani. Ya buɗe sufa-gulu ya shiga aiki. Kafin azahar fiffiken hagu ya hau dama, na dama ya hau hagu yana kallon baya, gunduwa biyar sun ragu, ya yanke hukunci cewa gyara ce masana'antar ta ƙara masa. Kan dodon kuwa ya manne tsam, amma ba a wuyan dodon ba.

"Kaka."

"Na'am."

"Akwai ruwan ɗumi?"

Ta leƙo. Jikanta na tsaye da kan dodo tsakanin babban yatsa da manuni, kamar mai shirin ba shi abinci.

"Wa ya kama wani a cikinku?"

"Gwaji nake, in ga ƙarfin gam ɗin."

"Ya ci jarrabawa." Ta zaunar da shi ta tsoma hannun a kwanon ruwan sabulu, minti arba'in, ta ci gaba da niƙa ƙananan ƙwayoyin furen fofi da ake cusa wa rogal, lanƙwasasshen burodi mai zaƙi na bikin. Da aka rabu, kan dodon ya tafi da ɗan fatar Kornel a goshi. Kornel ya ce hakan ma ya fi, aikin ya ɗauki wani abu na maiginsa.

Rana ta biyu, shimfiɗa. Kaka ta ce in ɗigo ɗaya ya taɓa tukwanen furanninta na baranda, shi da dodon za su kwana a matakala. Sai Kornel ya fito da dabara irin ta masu digiri: ya miƙa hannu ta kan ƙarfen barandar, ya yi feshin a sararin Allah. Don kada ya ɓata lokaci gobe, ya cire murfin gwangwanayen duka biyu, ya girgiza su tare, ɗaya a kowane hannu, yana rawa da kafaɗa. Sannan ya ɗaga dodon ya danna na farin ya riƙe.

A hawa na uku akwai Pan Borys, mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan coci, wanda ya rataye baƙar kwat ɗinsa a baranda ta sha iska.

Da aka fara dukan ƙofa, Kornel ya leƙa ƙasa, ya ga abin da ya gani, ya danna wa gwangwanayen murafensu ba tare da ya duba ba, ya cusa su a jaka, ya je ya buɗe yana murmushi.

"Pan Kornel, dusar ƙanƙara ta sauka a barandata."

"Ai Nuwamba ya kusa, Pan Borys."

"A barandata kaɗai. A kan kwat ɗina kaɗai."

"Yanayi ya rikice a duniya baki ɗaya. Na karanta."

"Yatsunka ma yanayin ne ya same su?"

Kornel ya mayar da farin hannunsa baya.

"Ka duba ta wani ɓangaren, maƙwabci. A cikin mawaƙa arba'in masu baƙar kwat, kai kaɗai za a gani."

Pan Borys ya ja numfashi irin wanda yake ja kafin ya ɗaga rufin coci. Kaka ce ta shiga tsakani, ta yi masa alkawarin farantin rogal na farko da zai fito daga obin, tun kafin na kowa. Ya sauka yana magana da matakala.

Rana ta uku, launi. Kornel ya buɗe kwalbar ja ya tsoma buroshinsa har wuya, ya lafta. Ya ga fari na leƙowa, ya ƙara. Ya ga bai yi ja sosai ba, ya ƙara. Zuwa la'asar ɓawon jikin dodon, wanda wani bawan Allah ya sassaƙa ɗaya bayan ɗaya, ya nutse gaba ɗaya. Haƙora suka zama ganuwa guda. Kornel ya ja baya ya duba, ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Kwana uku, kamar yadda ya faɗa.

Ran Alhamis ya kai shi shago don a yaba. Ya ajiye a tsakiyar teburin Malwina ya yaye ƙyallen da ya rufe shi.

Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya tsoma kaza a jar miya?"

"Dodon wuta ne. Ja alamar fushi ce."

"Ina idanunsa?"

"Suna ciki."

"Fiffiken nan me ya sa yake kallon baya?"

"Yana tuna abin da ya wuce. Ke dai ba ki san labari a cikin aiki ba, shafe kawai kika iya."

Malwina ta sa ɗan yatsa ta taɓa cikin dodon. Yatsan ya shiga. Da ta cire, ya bar rami da zanen fatarta a ciki.

"Yaushe ka shafa?"

"Shekaranjiya."

"Pan Lucjan, zo ka ga fentin da zai bushe bayan mun mutu."

Tsohon ya zo ya duba ta ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ya sauke gilashin da sauri kamar wanda ya leƙa banɗakin wani.

"Ka surka fentin da ruwa. Siriri-siriri, sau biyu, sau uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Wannan kuma ka jiƙa shi a ruwan wanke fenti na roba kwana biyu, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka fara daga farko. Kana da lokaci."

"Surki aikin masu sayar da madara ne. Matsalarsa ɗaya ce, bushewa. Ita kuma kimiyya ce."

"Cokalinka na nan," in ji Pan Lucjan, ya dafa aljihu.

Kimiyyar ita ce obin ɗin Kaka. Ta kunna shi don farantin Pan Borys, ta shiga ɗaki sauya riga. Kornel ya zura dodon a hawa na ƙasa, minti biyar kacal, ya koma ɗakinsa ya kafa waya ya fara ɗaukar bidiyon darasi na farko ga mabiyansa, su tara. Darasin ya yi daɗi, ya kai minti ashirin da biyar. Kaka kuwa ta dawo ta zura farantinta a hawa na sama ba ta duba ƙasa ba, domin a shekara hamsin babu wanda ya taɓa ajiye mata dodo a obin.

Da ya fito, fukafukan sun zube kamar rigar da ta jiƙe, wuyan ya lanƙwaso ƙasa sai ka ce mai neman gafara. Fentin ya bushe, wannan kam gaskiya ne, har ya yi ƙuraje.

Da yamma aka sake dukan ƙofa.

"Pani Halina," in ji Pan Borys, da rabin rogal a hannu, "shekara ashirin ina cin naki. Yau na ci tayar mota."

Kaka ta juya ta dubi Kornel. Kornel ya dubi silin.

Mako biyu ya ɓata yana zagaya dodon, yana ƙara masa baƙi a nan, ruwan zinare a can, kowane ƙari na binne na baya. Sai ran Talatar makon ƙarshe ya yarda, a ransa kawai, cewa a wanke. Amma jiƙon kwana biyu na malalata ne. Ya sayo ruwan goge jan farce, wanda ya ga yana cire fenti nan take daga yatsun mata, ya zuba a kofi ya tsoma kan dodon. Fentin ya fita, ba ƙarya. Rabin fuskar ma ya bi shi, da ido ɗaya da ƙaho ɗaya, suka narke suka yi yauƙi a gindin kofin.

Kornel ya ajiye shi a teburin kicin, ya shiga ɗaki ya kwanta ya fuskanci bango.

"Tashi ka ci abinci."

"Robar ce ba ta da kyau, Kaka. Ƙasar nan ba ta shirya wa irina ba."

"Gobe ka je ka ba manajan haƙuri."

"Gara in mutu."

"Ba a kan zanen gadona ba."

Ta koma kicin ta tsaya a kan dodon. Ba tausayi ne ya kama ta ba. Ta yi lissafi ne ta ga in yaron nan bai sami kujerar ba, zai ci gaba da yini a gidanta yana da ra'ayi. Ta hau kujera ta sauko da wani kwalin takalmi daga saman kabad. A ciki akwai buroshi shida na gashin kurege, sirara kamar gashin ido, naɗe a tsohon ƙyalle.

Ta tono gunduwoyi biyar ɗin nan daga aljihun tebur. Ta kankare, ta wanke, ta tsoma fukafukan a ruwan zafi ta miƙe su ta mayar da kowane gefensa. Ba ta yarda da gwangwani ba, da buroshi ta yi shimfiɗarta. Kwana uku tana zaune a bakin taga daga safe har rana ta karkata, tana shafa launi siriri kamar shayin da aka sake zuba wa ruwa. Kore ya hau kan baƙi, shuɗi ya hau kan kore. Rabin fuskar da ya narke ta mayar da shi tsohon tabon ƙuna, idon da ya rage ta ɗiga masa haske guda, har mutum ya ji ba ya son ya juya masa baya.

Ran Juma'a, lokacin shayi, yunwa ta fito da Kornel. Ya tsaya a ƙofar kicin ya kasa rufe baki. Minti biyar yana kallo. A minti na shida ya fara ganin cewa ai asalin tsayuwar dodon tasa ce. A na goma ya tuna tabon ma shi ya yi shi. Kafin ya shanye shayin ya tabbata tsohuwar ɗan share gefe-gefe kawai ta yi.

"Kin ga amfanin tushe mai kyau, Kaka."

"Na gani. Abu ɗaya zan gaya maka. Ka ɗauka, ka ajiye, ka rufe bakinka. Kar ka ƙara masa komai."

"Ai aikina ne, na san inda ya ƙare."

Ran Asabar zauren unguwa ya cika. Tebura sun sha duwatsu da dazuzzukan roba, manyan mutane da gemu suna gwada tazara da ma'auni suna watsa ƙwayoyin ludo suna gardama a kan wa ya kashe wa. Kaka ta zo da farantin rogal mai tsabta, Pan Borys ya riƙo mata, cikin sabuwar baƙar kwat da ya saya don waƙar bikin. Kornel ya ratsa taron da kwali a hannu, jaka a kafaɗa, sitika a ƙirji. Ya ajiye a teburin gasa ya buɗe.

Hayaniyar kusa da teburin ta mutu. Mutane suka bar yaƙe-yaƙensu suka matso.

Pan Lucjan ya sa gilashinsa, wannan karon bai sauke ba. Ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama.

"Tabon nan fa?"

"Da gangan ne. Tun ranar farko na tsara shi. Sai ka rusa kafin ka gina, abin da ba a koyarwa a ƙarƙashin bene ke nan."

Malwina ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa fiffiken.

"Koren nan da me ka haɗa shi?"

"Sirrin sana'a ne."

"Faɗi kala ɗaya daga ciki."

"Kore."

"Wannan 'yar murɗiyar ta ƙarƙashin fiffike kuma? Na san ta. Irinta ce a ƙwallayen bishiyar mahaifiyata."

"Hassada tana sa gani-gani, Malwina. Ki sha ruwa."

Pan Lucjan ya miƙe ya cire gilashin. Ya dubi Kornel, ya dubi dodon, kamar mai neman hanyar da ta haɗa su bai samu ba.

"Alkawari na yi. Aikin ya yi. Litinin ƙarfe takwas, kujerar taka ce. Saura ruwan kariya kawai, don hannu zai taɓa shi. Ka bar shi, ni zan fesa masa a shago."

Nan ne ya kamata Kornel ya ce na gode. Kalma biyu ce, ko yaro ya iya. Amma wayoyi sun kai ashirin a sama suna ɗauka, kuma wani abu yana sukarsa a ƙirji: a jikin dodon nan duka babu shafa ɗaya tasa da ta rage.

"Ba mai rufe aikina sai ni. Ku fito waje ku ga yadda gwani ke gamawa."

"Kornelku," in ji Kaka daga baya.

Bai ji ba, ko ya ji. Taron ya bi shi zuwa farfajiya. Ya ɗora dodon a kan wani benci, ya zuge jaka, ya ɗauko gwangwani mai murfi garai-garai, ya girgiza shi sama da kai. Pan Lucjan ya matso ya zaro baƙin cokalin daga aljihu ya miƙa masa.

"Jama'a ku gani," in ji Kornel. "Cokali. Shekara da shekaru mutum na sana'a bai yarda da hannunsa ba. Pan Lucjan, ka ajiye wa miyarka."

Ya juya fuskarsa ga wayoyin, ya nuna wa dodon bakin gwangwanin, ya danna.

"Abin da nake gaya wa mabiyana kullum shi ne, gwani ba ya duba hannunsa. Hannu ya san hanya. Tsoro ne ke sa mutum gwaji, shi kuwa tsoro..."

Ya lura fuskokin sun canza, ya ɗauka jawabin ne ya ratsa su, ya ƙara murya. Hannunsa na kai da kawowa, dama, hagu, sama, ƙasa, bai bar lungu ba.

"Kornel," in ji Malwina.

"Ki bari in gama."

"Ai ka gama."

Ya juya.

A kan bencin akwai dodo fari fat, daga ƙaho har wutsiya. Babu kore, babu shuɗi, babu tabo, babu ido. Bencin ma ya samu. Iskar Nuwamba ta kwashi saura ta kai wa wanda ke tsaye a ƙarshen layi da faranti a hannu.

Pan Borys ya dubi kafaɗar sabuwar kwat ɗinsa.

"Yanayi ne, ko, Pan Kornel?"

Wani ya fara dariya a baya, ta bi layi ta zagaye farfajiyar. Kornel ya juya gwangwanin yana neman rubutu. Gaba, fuskarsa. Baya, fuskarsa. GWANIN GWANAYE.

"An yi mini zagon ƙasa. Wani ya taɓa jakata."

"Wa ya manna hotonka a kan sunan fentin?" in ji Malwina. "Shi za mu kama."

Pan Lucjan ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ba asara ba ce. Hannun da ya yi sau ɗaya zai sake yi. Malwina, ba shi buroshi da kore. Ka yi mana ɓawo uku kawai a nan kafaɗa, mu gani."

Kornel ya karɓi buroshin kamar an miƙa masa maciji. Ya tsoma har wuya. Ya ɗora. Wani ƙaton ɗigo ya taru, ya yi tunani, ya gangaro ta ƙirjin dodon ya sauka a takalmin Kornel.

"Riƙe mini," in ji Kaka Halina, ta miƙa wa Pan Borys jakarta ta hannu a kan farantin. Ta ratso mutane ta zare buroshin daga hannun jikanta, ta goge shi a sitikar da ke ƙirjinsa, ta tsoma bakinsa a ruwa, ta lasa ya yi tsini. Shafa uku ta yi. Ɓawo uku suka fito a farar kafaɗar, kowane da inuwarsa, na ukun da 'yar murɗiya a gefe.

"Kwana uku," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Da idanun shekara saba'in da huɗu. Abu ɗaya na roƙe ka."

"Kaka, shawara kawai kika ba ni, mutane za su ɗauka..."

"Rufe bakin yanzu ma bai ɓaci ba."

Pan Lucjan ya cire hularsa.

"Pani Halina, ina kika yi aiki?"

"Masana'antar ƙwallayen gilashi, har suka rufe."

"Kina da abin yi ran Litinin ƙarfe takwas?"

"Ina da jikan da zan tasa daga barci."

"Kawo shi. Shi ma na ga abin da ya iya." Ya sunkuya ya dubi farin dodon da kyau. "Ban taɓa ganin shimfiɗa mai kyau haka ba. Ko'ina daidai, ba ɗigo. Ashe in bai duba ba hannunsa na da amfani. Ina da ƙwarangwal ɗari huɗu da ke jiran fari."

Ran Litinin Kaka Halina ta zauna a tebur na huɗu, ta jera buroshinta shida a ƙarƙashin fitila, Malwina ta kawo mata shayi. Kornel kuwa yana bayan benen, kusa da kwandunan shara, cikin sanyi, da kwali huɗu na ƙwarangwal. Wata mata da ta zo zubar da shara ta tambaye shi me yake yi, ya ce shi ne shugaban sashen da duk aikin gidan ke farawa daga gare shi, in ya tsaya kowa ya tsaya.

Ya ɗauki gwangwani ya girgiza. 'Yar tagar shagon da ke daidai ƙafarsa ta buɗe, hannun Kaka ya fito da baƙin cokali. Malwina ta riga ta manna masa sitika a mariƙi.

"Kaka, ai wannan na san shi. Shekaranjiya na..."

Hannun bai motsa ba.

Kornel ya waiga ya ga matar ta tafi. Ya karɓa.